Famfon da Ya Koyi Sunan Injiniya

Duk faɗin Bunkure, daga bakin kanal na ban ruwa har kasuwa, babu mai ilimin Injiniya Jamaluddeen. Shi da kansa ya tabbatar mana da haka. Tunda ya yi kwas ɗin kwamfuta a birni, ko gona zai je sai ya rataya jakar laftof, kada albasa ta raina shi. Da yake ya ce kwamfuta sifili da ɗaya kawai ta sani, muna kiransa Sarkin Sifili, shi kuwa yana amsawa da ɗaga yatsa ɗaya.

Ana nan sai famfon sola na gwaggonsa Rauda ya fara gardama, ga tumatirinta ya yi fure, ga rana kamar me. Kamfanin da ya sayar mata ya turo fayil ta waya, ya ce a zuba shi a ƙwaƙwalwar na'urar kawai. Kawai! Wannan kalmar ce ta ɓata wa Injiniya rai.

Ya buɗe fayil ɗin a gindin mangwaro, jama'a suka kewaye shi. Layi-layi ne na lambobi da haruffa, kowanne da ɗigo biyu a gaba.

"Wannan shi ake kira heks," in ji shi. "Ku a goma ƙirgenku ke tsayawa, mu sai sha shida. Amma ku dubi ƙazantar aiki! Wani layi dogo, wani guntu, kamar kunyoyin gonar malalaci."

Ya rubuta shirin kwamfuta da yaren C, wanda ya ce ko a birni ba kowa ke jinsa ba. Shirin ya karanta layukan, ya daidaita tsawonsu, ya sake lissafa lambar tantancewa da ke wutsiyar kowanne. Gaskiya aikin ya yi kyau, da ya tsaya nan da tumatir ya sha ruwa.

Ina! Sai ya ga bai dace na'ura ta tashi ba ta gai da mai gyaranta ba. Ya sa sunansa ya riƙa fitowa a ɗan allon da ke jikin na'urar. Ya ƙara "Injiniya". Ya ƙara "Masanin Masana na Kura, Bunkure da Kewaye". Wuri ya ƙi isa. Sai ya hango wasu layuka da bai gane ba, ya ce ciyawa ce, ya nome su tas. Sabon fayil kuma ya danne shi a kan na asali har na asalin ya goge, ga kamfani sun tafi hutun ƙarshen mako.

Ya zuba, ya kunna. Allon ya haska, sunansa ya taho a hankali kamar ango. Aka tafa. Aka jira. Bututu ko tari bai yi ba.

Gwaggo Rauda ta dubi tumatirinta da ya sunkuyar da kai, ranta ya ɓaci sosai. Ta tambaye shi me aka rubuta a jikin allon. Ya karanta mata da alfahari, har da "Kewaye".

"To, madalla," ta ce, ta miƙa masa bokiti biyu. "Tunda famfon ya zama kai, ɗan nan, kai ma sai ka zama famfon. Kanal na can."

Har la'asar allon na ta shelar sunansa, shi kuma yana ta wucewa ta gabansa da jiƙaƙƙen wando.