Ranar Da Na Share Ƙafar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da hutun sabuwar shekarar 'yan China da surukina ya zo Guangzhou, ko da tsufa zai sa in manta hanyar gidanmu. Har yau in na ga tsintsiya a jingine sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku san daga inda na faɗo. Ni ɗan Kano ne, namiji tilo cikin mata shida, kuma ni ne auta. Tun da aka haife ni ban taɓa riƙe tsintsiya ba, ko kofin da na sha ruwa wata ce ke ɗaukewa. Neman halali ya kawo ni nan, ina sayen takalma da jakunkuna a kasuwannin Liwan, in loda su a tashar jirgin ruwa ta Huangpu a tura wa mutanenmu na gida. Da abin ya ɗan zauna sai na ɗauko matata Sadiya da 'yarmu Ummi, muka kama ɗan gida can sama a wani dogon bene bayan titin Huanshi Lu.

To, Hajiya mahaifiyar Sadiya ba ta taɓa yarda da zaman nan ba. Duk kiran bidiyo magana ɗaya ce: "Kin rame. An kai ki ƙasar da babu dangin iya babu na baba, an kulle ki a akwatin ashana." (Sadiya fa ƙiba ta yi, har rigunanta sai da aka buɗa, amma wa zai gaya wa Hajiya?) Ta yi ta yi har Baba Alhaji ya ɗauki maganar. Shi Baba tsohon hedimasta ne, mutumin da tun da na auri 'yarsa ban taɓa ganin haƙoransa ba. Ya aiko mini da saƙo gajere: "Zan zo in gani da idona. In zaman bai yi mini ba, zan taho da yarinyar nan da 'yarta, kai ka riƙa zuwa kana duba su." Yarinyar nan kuwa ita ce Sadiya. 'Yar fari ce, ba ya faɗin sunanta.

Na san zaman gwauranci a garin nan, na sha shi na ƙoshi, ba na fatan komawa. Sai na yi dabara, na ce ya zo lokacin hutu, sa'ad da kasuwanni ke rufe, duk shagon da ka leƙa a ce maka "meyo", wato babu, lawban, maigida ke nan a yarensu, ya tafi ƙauye. Lokacin ina gida, zan nuna masa dattako iya dattako. Na sa aka yi wa babbar rigata sitaci, na sayo sabuwar darduma, na yi odar cinyar rago a wurin mahaucin Musulmi na unguwar Xiaobei. Har gwaji na yi na yadda zai riƙa ganina a zaune, carbi a hannu, fuska ba yabo ba fallasa.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne talabijin.

Sanyin Guangzhou ba ya zubar da ƙanƙara, amma yana shiga ƙashi, ga gidajen babu abin ɗumama ɗaki. Muna maƙale cikin bargo ɗaya mu uku, ba kasuwa, ba makaranta, ga shi duk tashar da ka murɗa gasar wasannin ƙanƙara ake nunawa. Ummi ce tafintarmu, don ita ke zuwa makarantarsu, Sinancinta ya fi nawa nesa ba kusa ba. Mun ga masu dirowa daga kan dutse da katako a ƙafa, Sadiya tana rufe ido tana cewa, "Innalillahi, wannan ba shi da uwa ne?" Mun ga masu kwanciya a kan wani abu kamar faranti su gangara da kai. Sai ranar nan aka sako wasan da ya zama ajalin mutuncina.

Wani ƙato ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya tura wani dutse mai mariƙi, sak butar shayi, a kan ƙanƙara. Wasu ƙatti biyu suka bi gabansa suna gurzar ƙasa da tsintsiya kamar za su huda ta, shi kuma mai turawar yana ta kwarara musu ihu. Na yi dariya har da tari. Na ce, "Yau ga ikon Allah! Gardawa da gemu suna shara, wai har zinare za a ba su!"

Kafin kwana biyu ni ne mai riƙe rimot. Na san dokoki, na san wa ya iya wa bai iya ba. Tun da babu 'yan ƙasarmu a ciki sai muka raba: Sadiya masu jar riga, ni masu shuɗiya, Ummi duk wanda ke ci. Muna ihu muna "Jayo! Jayo!" yadda 'yan China ke zuga nasu, har tsohuwar da ke ƙasanmu ta riƙa dukan silinta da sanda. Muka raɗa wa wasan suna, wasan buta. Sallah kawai ke tashe mu, ita ma ana sallamewa ake rige-rigen kujera.

Wata rana nawa suka sha kashi, na tashi tsaye ina faɗa: "Dubi sharar banza! Hannu kamar an jiƙa tsumma! Wallahi da ni ne da butar nan ta shiga tsakiya."

Sadiya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Abban Ummi, kai da ba ka san ta ina ake riƙe tsintsiya ba?"

Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma namiji da cika baki! Na ce a kawo tsintsiya.

Nan muka buɗe namu filin. Muka naɗe kafet, muka yayyafa ruwan sabulu a tayil, muka cika butar shayi ta ƙarfe da shinkafa don ta yi nauyi, Ummi ta zana da'ira da alli. Sadiya ce mai turawa, ni mai shara da doguwar tsintsiya mai sanda, Ummi alƙaliya. Jama'a, abin da daɗi! Na rantse ban taɓa jin Sadiya ta yi dariya irin ta kwanakin nan ba tun muna amarci. Matsala ɗaya ce, falon gajere ne, kafin buta ta ɗau gudu ta daki ƙofa. Ni da kaina, da wannan kan nawa, na kawo shawarar a riƙa buɗe ƙofa a mayar da da'irar can waje kusa da lifta, tun da maƙwabtan hawanmu duk sun tafi ƙauye.

Ranar da Baba zai iso, jirginsa sai bayan la'asar zai sauka. Da safe kuma ake wasan ƙarshe, ja da shuɗi. Na sa wayata a shiru don kada wani kwastoma ya ɓata mini kallo. Shuɗi suka ci! Na yi tsalle, na zaga falo, na ce yau sai mun yi namu na ƙarshe kafin a goge sabulu a shimfiɗa dattako. Sadiya ta ce, "Anya? Ga tuwo ban ɗora ba." Na ce, "Sau ɗaya tak."

Ga yadda nake a lokacin, don ku hango ni da kyau. Singileti a kan rigar sanyi, wando a naɗe har gwiwa, safa ta jiƙe sharkaf, a kaina kuma hular sanyin Ummi ce mai kunnuwan panda, don ita ce hular sa'a.

Abin da ban sani ba, an canza wa su Baba jirgi a hanya, sun sauka tun hantsi. Alhaji Mumuni, wani ɗan zangon Kumasi da muke loda kaya tare, a jirgin ya dawo. Ya ga dattijo da zanna bukar yana waige-waige, ya yi masa sallama, ya ji surukina ne. Ya kira ni ya kira ni, wayar tana ƙarƙashin filo tana barci. Sai ya yi abin da duk ɗan kirki zai yi, ya sa shi a tasi ya kawo mini shi har gida. (Allah ya saka masa da alheri, amma da ya bar shi a can ya fi mini.)

Sadiya ta durƙusa, ta saki buta. Turawa ce mai kyau, tun da muka fara ba ta yi irinta ba. Na duƙa na hau shara, ina tafiya a kaikaice, idona a ƙasa. Ita kuma tana ƙyalƙyala dariya ta buɗe murya irin ta talabijin:

"Share! Share mana! Da ƙarfi! Kai, wannan wane irin ragon namiji ne? Share na ce!"

Ta kuma haɗa da sunana, sunan yanka, gatsal, wanda ko a mafarki ba ta faɗa a gaban mutane. Ni kuwa ina amsawa, "Ina yi! Wallahi ina yi!" Na wuce ƙofa, buta na bina, na ji ƙarar lifta amma ban ɗaga kai ba. Sai ga takalma biyu baƙaƙe a tsakiyar da'irarmu. Na ɗauka mai gadin benen ne. Na ce, "Lawban, matsa! Matsa!" Takalma ba su motsa ba. Ni kuma na sa tsintsiya na gurje su, gaba da baya, har da saman ƙafa. A garinmu ko yaro ka taɓa da tsintsiya sai an yi maka faɗa.

Buta ta zo a hankali ta tsaya a jikin takalmin, ƙwal. Ummi ta yi ihu, "Ta shiga tsakiya!"

Sannan na lura da bakin babbar riga. Na bi ta da ido, aska takwas, gemu fari, tabarau. Baba.

Jikina ne ya tuna tarbiyya kafin ƙwaƙwalwata, na zube zan gaishe shi. Ai kuwa sabulu ya ce bismillah. Gwiwata ta tafi, na sulale na rungumi ƙafarsa da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da tsintsiya, kunnuwan panda suna rawa. Abin da ya fito daga bakina, da rana tsaka, shi ne, "Baba, an tashi lafiya?"

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Lafiya lau. Sannu da aiki."

Alhaji Mumuni ya juya wa bango fuska, kafaɗunsa suna girgiza. Sadiya kam ko ƙurarta ban gani ba, sai ƙarar ƙofar ɗaki. Ina neman abin da zan ce sai Ummi ta ruga ta riƙe hannun kakanta, ta gama da ni: "Kaka, Abba ne mai shararmu! Kullum shi yake yi, Mama tana ba shi umarni!"

Da ƙasa za ta tsage da na shige, to amma a bene muke, gidan tsohuwar nan zan faɗa.

Kwanakin da suka biyo baya ban san ɗanɗanon abinci ba. Na sa babbar rigar, na riƙe carbin, amma wanda aka gani da kunnen panda wane dattako ya rage masa? Baba bai ce uffan ba. Ya ci tuwonsa, ya yi sallarsa, ya zauna da Ummi tana biya masa karatu. Shirun nan ya fi duka ciwo. Na tabbata ya gama yanke hukunci, gidan mahaukata ne, zai kwashe 'yarsa da jikarsa. Na shiga ɗaki na ga akwatin Sadiya a saman kwaba, hawaye suka zo mini, ba na ɓoye muku.

Ana gobe zai tafi, bayan azahar, ya ce in zauna, a kira yarinyar nan. Sadiya ta rakuɓe a bakin ƙofa. Bai dube ta ba, ni ya fuskanta.

"Uwarta ce ta turo ni in ga ko ana wahalar da ita," in ji shi. "To na gani. Akwai wanda ake wahalarwa a gidan nan, amma ba ita ba ce."

Na sunkuyar da kai.

"A gaya wa yarinyar nan, miji ba a kiran sunansa kamar ana kiran ɗan tasi. Kai kuma, in ka ji ba za ka iya ba, ka zo Kano ka huta, ɗakinka na nan." Ya gyara tabarau. "Tun ina cikin lifta nake jin dariyarta. Rabon da in ji ta haka tun tana 'yar firamare. Ba ni zan raba gidan nan ba."

Sadiya ta fashe da kuka, ni ma saura ƙiris. Ina cikin jero godiya sai ya nuna talabijin da haɓa ya ce, "Wai su masu butar nan, sun gama ke nan?" Ranar na fara ganin haƙoran Baba, ashe har da wushirya.

Iyalina suna nan tare da ni, alhamdu lillahi. Sai dai Alhaji Mumuni bai bar kowa a Xiaobei bai ba shi labari ba, yanzu ko masallacin Juma'a na shiga sai in ji ana "Lawban Tsintsiya, ya aiki?" Baba ma ya kai rahoto Kano cewa surukinsa har shara yake yi wa 'yarsa, Hajiya ta daina cewa an rame, yayyena shida kuma suka kira ni ɗaya bayan ɗaya suna tambayar ina na ɓoye wannan baiwa shekara da shekaru. Duk Asabar Sadiya takan miƙo mini tsintsiya da ladabi ta ce, "Kada mu ƙaryata Baba."

Don haka ga nasihata, kyauta. In za ka yi hauka da iyalinka, yi abinka, yana da amfani, amma ka rufe ƙofa. Tsintsiyar da suruki ya gani a hannunka kuwa, kai da ajiye ta sai dai in ta tsufa a sayo maka sabuwa.