Surukin Vilimaina Zai Ga Teku

Tun da hantsi Vilimaina ta kasa zama wuri ɗaya. Gobe surukinta zai koma birnin Auckland da 'yarta da jikanta, ga shi jiya ta jiyo shi yana cewa ƙauyen nan babu abin gani, baɗi ba sai sun zo ba. Ta ɗaura zane ta gangara bakin teku, inda taubashinta Semesa ke kwance a inuwar kwakwa, kwalekwalensa na ɗaure a gabansa.

"Lafiya lau muka tashi, matata," in ji shi, bai ko buɗe ido ba. "Kin gaji da wancan tsohon da kika aura, kin dawo gida?"

"Gidan wa? Bukkar da ɓeraye ma suka yi wa yaji? Tashi, ruwa ya fara janyewa."

"To ni na ja shi?"

"Surukina za ka kai tsibirin yashi, daga nan kogo, ku biya ta inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. Yau ɗin nan. Yanzu!"

"Wannan da rana ta ɗan taɓa shi ya koma dafaffiyar ƙaguwa?"

"Ya fi ka. Kai ko an dafa ka babu mai ci."

Ta kai ido kan teku. Can nesa farin yashin ya fara leƙowa, kuma ta san da rana ta karkata ruwa zai dawo ya haɗiye shi. Ta yi gaba, ta dawo, ta shuri ƙafarsa.

"Wannan injin kwalekwalen naka zai ma tashi kuwa?"

"Injina? Shi ya jawo tsibirin nan tun daga ƙasar Tonga ya ajiye muku."

"Shi ya sa bara kuka dawo da fasto kuna tuƙi da murfin tukunya?"

"Fasto ne ya ce yana son motsa jiki."

"Motsa jiki yana addu'a da ihu?"

"Waƙar yabo ce. Kunnenki ne ya tsufa."

Ta buɗe baki za ta rama, sai ta fasa, ta sassauta murya. "Semesa, in yaron nan bai ga abin da zai dawo da shi ba, jikana zai girma bai san hanyar gidanmu ba."

Sai a lokacin ya buɗe ido. Ya tashi zaune, ya kakkaɓe yashin bayansa.

"Wannan ai mai sauƙi ne. In kai shi kogo in baro shi ciki. Kin ga babu zancen Auckland."

"Ka dawo mini da shi da ransa!"

"Da ransa kuma? Sharuɗɗanki sun yi yawa."

"Kunkurun teku fa? Zai gani?"

"Na aika musu tun jiya, suna can sun yi layi." Ya fara kwance igiya, sai ya tsaya yana shinshina iska. "Me kike ɓoyewa a bayanki?"

"Babu ruwanka. Rogo ne da madarar kwakwa, na suruki."

"Wanda zai amayar da shi a teku? Haba, kada ki yi asara."

Dariya ta ƙwace mata. Ta wurga masa rogon da ke ƙunshe a ganyen ayaba, ya cafe.

"Maƙoshinka ne zai kai ka kabari," in ji ta, ta tattare zane ta ruga kiran suruki.