Rasuwar Mai Haƙuri, Fijon Malam Abdulhafiz

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Malam Abdulhafiz Sambo na Hayin Dogo, Samaru, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsa, Fijo ruwan toka, wadda aka fi sani da Mai Haƙuri. Ta cika ranar Litinin bayan la'asar, a bakin titi dab da gadar Kwangila, bayan gajeriyar jinya.

Marigayiyar ta shigo gidan nan daga Kwatano shekara goma sha tara da suka wuce. Ba kyakkyawa ba ce, amma ba ta taɓa yi wa mai ita ƙarya ba. In batir ya yi sanyi za ta ce kar-kar-kar da safe, in fulogi ya gaji ta yi ɗan tari sau biyu. Ta kai amare, ta ɗauko masara daga Giwa, ta raka gawa. Babban aikinta ya zo ne shekara uku da suka wuce, da ɓarin jikin Hajiya Ruƙayyatu, matar Malam, ya shanye. Kujerar motar ta gaba ba tudu, ƙofarta da faɗi, Malam shi kaɗai yake ɗago matarsa daga keken guragu ya zaunar da ita ba sai ya kira maƙwabta ba. Duk Alhamis ita ke kai Hajiya gashin jiki a asibitin Shika. Likita ya gargaɗe su cewa in aka fara fashi, ɗan motsin da hannunta ya samu zai koma inda ya fito.

Ciwon ajali ya soma ne watan jiya, ranar da ta tsaya cak a hanya da Hajiya a ciki, awa guda cikin rana. Toma, bakaniken Chikaji da ke duba ta tun zuwanta, ya ce regileta ce ta mutu, wato ɗan ƙarfen da ke daidaita ƙarfin fetur kafin ya shiga inji. Aka zaga Sabon Gari ba a sami irin tata ba, sai wata mai noti a ka, wadda ake ɗaurewa ko a sassauta da sifana. Toma ya sa, ya kara kunne, ya juya notin kaɗan, mota ta tashi lafiya lau.

To, Malam shekara talatin ya yi a ɗakin gwaje-gwaje kafin ya yi ritaya, mutum ne da ko sukarin shayi sai ya auna. Ga shi kuma fuskar Hajiya a cikin ranar nan ta ƙi barin idonsa. Ya koma kasuwa ya sayo geji, ɗan agogo mai allura da ruwa a cikinsa, mai nuna ƙarfin fetur.

"Malam, ka bar ta haka," in ji Toma. "Ina jin ta, lafiyarta ƙalau."

"Kunne ba ma'auni ba ne, Toma."

Ranar Asabar ya ɗaura gejin da hannunsa, a jikin inji, inda ya fi zafi. Da safe allura ta tsaya kan uku, yadda ya kamata. Ya je Sabon Gari ya dawo, ya buɗe bonet, ya tarar ta sauka ƙasa da biyu. Ya ɗauko sifana ya ɗaure noti don ƙara wa fetur ƙarfi. Washegari da safe allura ta haura sama, amma a ilimin Malam awon inji mai sanyi ba awo ba ne. Ya zaga, ya dawo, ya ga ta sake sauka, ya ƙara ɗaurewa.

Marigayiyar ba ta yi shiru ba, wannan ya kamata a shaida mata. Ta yi baƙin hayaƙi, ta yi warin fetur, ta riƙa cewa but-but-but kamar mai shaƙewa. Shekara goma sha tara yana sauraronta, amma ranar da agogo ya shigo gida sai ta zama maƙaryaciya. Ranar Litinin ya ƙara wa notin zagaye guda, ya fita gwaji shi kaɗai. Tsohon tiyon fetur ya kasa ɗauka, ya tsage, ya fesa mai kan inji. 'Yan acaba da masu shaguna sun yi iya ƙoƙarinsu da yashi. Malam ya kama bonet da hannu biyu zai ɗaga, tafukansa suka ƙone.

Da Toma ya iso, ya duba gawar, sannan ya yi bayani: irin wannan geji mai ruwa, in ya sha zafi allurarsa ƙasa take yi. Ƙarfin fetur bai taɓa raguwa ba.

Ta rasu ta bar Malam, da hannu biyu a bandeji. Da Toma, wanda ya ƙi cewa "ai na faɗa maka". Da jak da tayar safaya, waɗanda ke gida ranar. An tsinci gejin a cikin toka, allurarsa kan sifiri, karo na farko da ya sha zafi kuma ya faɗi gaskiya. Ta kuma bar Hajiya Ruƙayyatu, wadda da aka gaya mata labarin, sai ta duba hannun mijinta, ta yi ta kokawa da harshenta har ta fitar da kalma biyu: "Alhamis fa?"

Ba wanka, ba likkafani. 'Yan gwangwan na Dogarawa za su ɗauke ta ranar Laraba da hantsi, kuma Malam ya roƙi kada a yanka ta a gabansa. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida daga azahar zuwa la'asar, yini ɗaya tak. Ba a buƙatar a kawo abinci. Malam, wanda bai taɓa roƙon kowa komai ba a unguwar nan, yana roƙon duk wanda Allah ya hore wa mota marar tudu ya taimaka ya zo ranar Alhamis, ƙarfe bakwai na safe, a kai Hajiya gashi. Ya zo da mutum biyu masu ƙarfi, domin shi ba zai iya ɗaga ta ba.