Matashin Takalmin da Na Yanka wa Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zazzage takalmin surukina a asibitin Talata Mafara ba.

Ina da ɗan kemis a Bakura, kuma a lokacin ji nake babu ciwon da ban sani ba (wata shida kacal na yi ina koyon sayar da magani). Mahaifin matata, Malam Sani, limami ne a Damri. Wata Juma'a ya ce mini dunduniyarsa ta hana shi tsayuwa. Na taɓa ganin ɗan matashin roba da ake sa wa mutane cikin takalmi, gefe ɗaya kauri, ɗaya siriri. Sai na ce, "Baba, wanga ba ya buƙatar asibiti." Na yanka tsohon silifa, na fere shi, na cusa masa a takalminsa sau-ciki.

Dunduniya ta lafa. Na yi sati uku ina ba mutane labari a shago.

Abin da ban sani ba, nauyin mutum ba ya ɓacewa, wuri yake sakewa. Da na ɗaga dunduniyar, sai duk nauyin ya koma gindin babban yatsa. Malam kuwa yana da ciwon suga, gaban tafin ƙafarsa ba ya jin zafi. Sai da safa ta jiƙe aka ga gyambo.

A asibiti, gaban matata da yayyenta uku, likitar ta juya takalmin, silifana ya faɗo (har da sauran tambarin kamfani a jikinsa). Ta ɗaga shi da yatsu biyu.

"Wa ya yi wanga aiki? Da an ƙara sati, yanke yatsan za mu yi."

Kafin in buɗe baki, Malam ya dubi bango ya ce, "Ni na sa abina, 'yata."

Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Dattijon da ban taɓa jin ya yi ƙarya ba ya yi ta saboda ni. Wata biyu wani ke jan salla a madadinsa, kuma har yau babban yayan matata da kai yake amsa gaisuwata.

Yanzu duk wanda ya kawo mini ƙarar ƙafa, maganin da na iya ɗaya ne: in nuna masa inda ake hawa motar Mafara.