Ranar da Zakarana Ya Yi Atishawa a Gaban Dattawa

Abubuwa da yawa na zamana a Greensboro sun shige mini, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai dattawan majalisinmu ganin kajina ba.

Ina da ɗan akurki a bayan gidanmu a McLeansville, wani ƙaramin gari kusa da Greensboro. Da aka yi sanarwar saukar dusar ƙanƙara, na duba na ga kafofi a jere ƙarƙashin rufinsa, na yanke hukuncin cewa kafinta ya yi ha'inci. Na tsaga tsohuwar babbar rigata, na cushe kowace kafa, na lulluɓe akurkin da bargo. Hajiya, mai ɗakina, ta ce, "Malam, to da me za su yi numfashi?" Na tunatar da ita cewa ni na karanci babin haƙƙin dabbobi (Allah Ya yafe mini wannan amsa).

Ranar Asabar, darasin da nake ba dattawa a falona ya faɗo kan jinƙai ga dabba. Da muka shafa fatiha, na ce su taso su ga yadda ake aiki da ilimi. Muka ratsa ƙanƙara a jere, ina gaba.

Ina buɗe ƙofa wani tururi mai yaji ya daki fuskokinmu, idanu suka kawo ruwa. Ashe numfashin kajin da danshin kashinsu sun rasa mafita, sun taru a rufi suna ɗigo musu. Duk kajin sun jiƙe, zankon zakaran ya fara baƙi saboda daskarewa. Ya fito yana tangaɗi, ya tsaya a gabana, ya yi atishawa.

Alhaji Bala, abokin wasana, ya toshe hanci ya ce, "Malam, mu jira ya yi hamdala, ko mu amsa masa haka nan?"

Alhaji Isa kuwa ya zaro tsumma ɗaya ya ɗaga. "Ventilation ɗin kuka toshe, kafofin shan iskarsu? Kai, ba da wannan rigar kuka ja mu sallar Idi ba?"

Haka na hau bokiti ina zare tsummoki ɗaya bayan ɗaya, ɗalibaina suna riƙe da ƙafafuna kada in zame. Kajin sun rayu, zakaran dai ya rasa bakin zankonsa.

Na fahimci cewa kaza tana jure sanyi, danshi ne ke cutar da ita. Na kuma fahimci cewa wanda ya yi aikin alheri, ya kamata ya fara leƙawa shi kaɗai kafin ya gayyato shaidu.