Irin da Alhaji Kalilu Ya Zo da Shi daga Jidda

Duk ƙasar Kabi ba a taɓa yin mai hangen nesa kamar Alhaji Kalilu ba, wanda mutanen Zauro ke kira Jakada. Shekarun da ya yi a Jidda yana wanke tukwane a wani otel tare da 'yan Indunusiya, shi a bakinsa aikin ƙasa da ƙasa ne. Ya dawo da haƙorin Makka da tabarau, da buhu guda da ya hana kowa taɓawa.

"Mutanen ga na Indunusiya," in ji shi a ƙofar masallaci, "in sun tai ci-rani, da dubara suka komowa gida. Ku ko sai rediyo da bargo. Ni na zamna da su, na ɗauko sirrinsu."

Sirrin yana cikin buhun. Da ruwa ya sauka ya kira ƙaninsa Arzika, mai noman fadamar da gidansu duka ke ci, ya kwance. Shinkafa ce fara tas, surfaffiya, irin ta tukunya.

Arzika ya sosa ƙeya. "Alhaji, wagga ai ba ta da ƙaiƙayi."

"Shi ne ci-gaban! Can ƙaiƙayi an daina yayinai."

Ƙani ba ya musu da wa, balle wan da ya hau jirgin sama. Arzika ya bar irinsu a rumbu, ya watsa ta Jakada, Alhajin kuwa yana tsaye kan gaɓa da lema yana nuni da sanda. Dattawa suka wuce suna "Allah shi ba da sa'a", hula na rufe musu dariya.

Fadamun maƙwabta suka yi kore. Tasu ta yi tsuntsaye. Da Arzika ya roƙi a sake shuka, Jakada ya ce irin waje ba ya son gaggawa. Ana cikin jira kogin Rima ya cika, ya rufe maganar.

Da kaka, kowa na shiƙa, Arzika ya naɗe tabarma zai tafi Ibadan dako don yara su ci. Jakada ya rako shi tashar Birnin Kebbi, ya dafa kafaɗarsa, ya dubi jama'a.

"Kun gani? Damina guda, har na hidda ɗan ci-rani. In ka komo, Arzika, ka komo da dubara."

Arzika ya ce to. Kuɗin motar ma shi Arzikan ne ya biya.