Ƙarar da Ta Fito Daga Ƙafata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka duba mini jijiyoyin ƙafa ba, can ƙarshen shekarun 1970, ina saurayi, ina ɗinki a Gyaɗi-Gyaɗi. Tun haihuwa ƙafata ta hagu ta fi ta dama kauri, ga jan tabo a cinya, ga jijiyoyi ruɗu-ruɗu. Wando mai faɗin ƙafa da ake yayi shi ya rufa mini asiri. Ko Binta, ɗalibar aikin jinya da nake zuwa zance wurinta a Tarauni, ba ta sani ba.

Da ciwo ya hana ni taka keken ɗinki, dole na nufi asibiti. Kawuna ya ce, "Irin wannan yankewa suke yi." (Allah ya jiƙan Kawu, bai iya lallashi ba.) A layin ganin likita na zauna, na tashi, na leƙa ƙofa, na dawo. Ga fargaba, ga alalar da na ci da safe tana ta juyi a ciki.

Likita ya ce ba kasafai ake ganin irin ciwona ba, sai ya kira ɗalibai su gani. Ina kwance daga ni sai gajeren wando, na ɗaga ido, sai ga Binta a sahun gaba.

Likita ya ɗauko wata 'yar na'ura kamar rediyo da ya zo da ita daga waje, ya shafa mini wani mai a bayan gwiwa, ya ɗora bakinta, ya matse mini sharaɓa. Kawai sai ɗakin ya ɗauka: "Fuuush!"

Na ce a raina shi ke nan, abin da nake ta riƙewa ya kuɓuce. Na yi zumbur na ce, "Likita, a gafarce ni, wallahi alala ce!"

Likita ya sake matsawa. "Fuuush!"

Ya ce, "Malam, jininka ne ke gudu, na'urar ke jiyo shi. Jijiyoyin ciki lafiya lau, ba abin da za a yanke. Safa mai matsewa za ka riƙa sawa."

Ɗalibai suka tuntsire da dariya. Binta ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa.

Na daɗe ban taka Tarauni ba, sai da ta aiko: "A ce masa ƙafar ba ta dame ni ba, amma ya rage wake."

Tun daga nan, ko wace ƙara na ji, ba na amsa laifi sai an tuhume ni.